Batirin Mota Ba Ya Riƙe Caji: Ta Ina Za A Fara Bincike?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar mota mai shan fetur, kuma wata takwas ke nan da na saka mata sabon batir mai amfiya 60 bayan tsohon ya daina aiki. Watannin farko lafiya lau. Yanzu kuwa in dai ina hawanta kullum tana tashi, amma in na ajiye ta kwana biyu ban taɓa ta ba, da safe in na murɗa makulli sai in ji ƙas-ƙas-ƙas kawai, fitilun dashbod su dusashe. In aka jona mata wuta daga wata motar nan take take tashi. Wani ya ce batirin jabu ne, wani ya ce altaneta ce. Kafin in sake kashe kuɗi ina son in san wanne ne, kuma ko batirin zai gyaru."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na ji daɗin yadda ka kawo bayanin nan daki-daki, domin a irin wannan matsala labarin da mai mota ya bayar rabin bincike ne. Abin da kake tambaya, in na fahimce ka, shi ne me ya sa batirin da bai cika shekara ba yake tayar da mota in ana hawanta kullum, amma ya gaza in ta kwana biyu a ajiye, kuma wane ɓangare ya kamata a ɗora wa laifin kafin a sa hannu a aljihu.

Zan fara da gyara a kan maganar da duk muka saba yi. Idan muka ce batir ba ya riƙe caji, cuta uku muke haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Randar da aka wayi gari babu ruwa a cikinta, ko dai ta tsage tana yoyo, ko tun jiya ba a cika ta ba, ko kuma wani ne ke zuwa cikin dare yana ɗiba. Haka batir yake: ko dai shi kansa ya lalace, ko altaneta, wato na'urar da injin ke juyawa don ta yi wa batir caji, ba ta cika shi yayin tafiya, ko kuma akwai abin da ke shan wutarsa bayan an kashe mota an kulle ta. Alamar ukun iri ɗaya ce da safe, wato wannan ƙas-ƙas da kake ji, amma maganinsu ya sha bamban. A shekarun da na yi ina aikin wayoyin mota na ga batura da yawa da aka jefar ba da laifinsu ba. Sabon batir, saboda ƙarfinsa, yakan rufe matsalar na 'yan watanni, daga nan sai ta dawo ta kashe shi kamar yadda ta kashe na baya. Ruwa ba ya tsami banza, shi ya sa nake zargin cewa abin da ya ci tsohon batirinka yana nan a motar har yanzu.

Abin da ke faruwa a cikin batir

Batirin da ke yawancin motocin fetur da na dizal na dalma da asid ne, irin wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, kuma har yau tushen aikinsa bai canza ba. A cikin akwatin akwai ɗakuna shida, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, shi ya sa batirin da muke kira mai bolt 12 yake nuna 12.6 ko 12.7 idan ya cika. A kowane ɗaki akwai farantan dalma a jere, a nutse cikin ruwan asid. Lokacin da batir ke ba da wuta, asid ɗin yana haɗuwa da farantan ya bar musu wani farin gishiri da ake kira salfet, ruwan kuma ya riƙa rauni yana komawa kusa da ruwan banza. Caji shi ne yake mayar da wannan gishiri cikin ruwa, farantan su washe.

Inda matsalar take shi ne, gishirin nan yana narkewa ne muddin bai daɗe ba. In aka bar batir a sauke kwanaki ko makonni, sai ya daskare ya yi tauri a jikin farantan, caji ya kasa narkar da shi, kuma duk wurin da ya rufe ya fita daga aiki ke nan. Batirin mota kuma ba a ƙera shi don a tatse shi ƙarƙaf ba. Farantansa sirara ne masu yawa, an yi su ne don su ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa biyu ko uku, sannan altaneta ta mayar masa nan take. Saboda haka duk safiyar da ka tarar da shi a mace, wani yanki na ƙarfinsa ya tafi ba zai dawo ba. Batir mai amfiya-awa 60 (Ah, ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) da ya mutu sau goma yana iya zama mai 30 ko 25 a zahiri, alhali rubutun jikinsa bai canza ba. Zafi ma abokin gabarsa ne, domin yana ƙafar da ruwansa, yana kuma cinye ƙarafan da ke riƙe da farantan. Sanyi kuwa ya fi tona asirin wanda ya riga ya yi rauni. A bisa al'ada batir yakan yi shekara uku zuwa biyar, kuma a wurare masu zafi yakan gaza haka.

Awo na farko: batirin kansa

Kayan aikin da kake buƙata ƙaramar mita ce ta awon wuta, wadda duk mai gyaran lantarki yake da ita. Amma kafin ka ɗauko ta, buɗe bonet ka duba da ido. Ka kama kowace tamina, wato maɗaurin waya da ke kan batir, ka murɗa ta da hannu, in ta motsa to ba ta ɗaure ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana caji shiga yadda ya kamata. Ka duba ko fari ko koren gari ya taru a kawunan batirin. Ka duba gefen akwatin ko ya kumbura, domin kumburi alama ce ta zafi ko cajin da ya wuce kima, kuma batirin da ya kumbura ko ya tsage ba a gyara shi. In irin mai murafai ne da ake buɗewa, ka leƙa kowane ɗaki ka tabbatar ruwa ya rufe farantan. Datti mai laima a saman batir ma yakan zama hanyar da wuta ke bi tana zurarewa a hankali daga wannan kai zuwa wancan, don haka a goge shi ya bushe.

Daga nan sai awo. Ka sa mita a ma'aunin bolt na DC, jar waya a kan mai alamar ƙari, baƙa a kan mai alamar ragi, mota a kashe. Kada ka auna da zarar ka dawo daga tafiya, domin batirin da aka gama yi wa caji yakan nuna lamba mai yawa ta ƙarya. Ka bar shi ya huta wasu awoyi, ko ka kunna manyan fitilu na minti ɗaya ko biyu ka kashe, ka ɗan jira, sannan ka auna. In ka ga 12.6 ya cika. In 12.4 ne yana da kimanin kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa saura kwata. Mutane da yawa suna ganin 12.0 su ce ai batir mai bolt 12 ne, lafiyarsa ƙalau, alhali ya kusa ƙarewa. In kuma bayan cikakken caji ya sauko ya tsaya wajen 10.5, to kusan tabbas ɗaki ɗaya cikin shidan ya mutu, domin 2.1 sau biyar shi ne 10.5.

Sai dai wannan lamba tana gaya maka yawan cikar batir ne kawai, ba ta gaya maka girman abin da zai iya ɗauka ba. Batirin da ya tsufa yana iya nuna 12.6 cif, amma da an ɗora masa nauyi sai ya durƙushe. Saboda haka ka bar mitar a jone, ka sa wani ya murɗa makulli kana kallo. Lamba za ta sauko yayin da sitata ke juya injin, amma bai kamata ta faɗi ƙasa da 9.6 ba in batirin a cike yake. A wurin masu sana'a akwai na'urar gwajin nauyi wadda ke ɗora wa batir rabin lambar CCA da ke rubuce a jikinsa, wato yawan amfiyar da zai iya bayarwa wajen tayar da injin cikin sanyi, na tsawon daƙiƙa 15, kuma sharaɗin shi ne 9.6 ɗin nan. Abin da nake jaddadawa shi ne, ba a yanke wa batir hukunci yana a sauke. Ko sabo fil ne, in ba shi da caji zai faɗi wannan gwaji. A fara cika shi, sannan a gwada.

Ga kuma gwajin da na fi so a irin matsalarka, domin shi ne yake raba gardama, kuma ba ya buƙatar komai sai haƙuri. Ka sa a cika batirin da caja, ka mayar da shi mota, amma ka bar taminar ragi a cire. Bayan ya huta ka auna ka rubuta lambar a takarda. Ka bar shi haka kwana biyun da ya saba mutuwa a cikinsu, sannan ka sake aunawa, ka jona, ka tayar. In ya tashi da mota garau, lambar ma ba ta wani sauka ba, to batirin yana riƙe caji, ɓarawon yana jikin motar. In kuwa ya sauka shi kaɗai alhali babu abin da ke jone da shi, to cutar tana cikinsa. Lafiyayyen batir da aka cire wa tamina kaɗan ƙwarai yake rasawa a wata guda, balle a kwana biyu.

Ko altaneta tana cika shi?

Wanda ya ce maka altaneta ce bai yi maganar banza ba, sai dai labarinka bai fi karkata can ba. Motar da altanetarta ta mutu gaba ɗaya ba ta jiran a ajiye ta, a kan hanya take mutuwa, fitilu su yi ja, injin ya tsaya. Amma akwai altaneta mai rauni, wadda take ba da abin da zai riƙe mota yau da gobe ba tare da ta cika batir ba, don haka dole a auna ta.

Ka tayar da mota ka auna a kawunan batirin. A yawancin motoci za ka ga tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka. Sai ka kunna manyan fitilu da fankar iska da na'urar sanyaya mota, ka ɗan ƙara wa injin wuta zuwa kamar juyi 2,000 a minti. Lambar ta kamata ta tsaya sama da 13.5. In ta sauko zuwa 12 da ɗoriya, to motar tana cin batir ne ko tana tafiya. In kuma ta haura 15, regiletar da ke daidaita caji ta lalace, tana dafa batirin ne, kuma sau da yawa za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan batirin kuma ya riƙa ƙafewa da sauri. Sababbin motoci da yawa ƙwaƙwalwar mota ce ke sarrafa cajinsu, tana ɗaga shi tana sauke shi gwargwadon buƙata, don haka a irinsu ba a yanke hukunci da awo ɗaya.

Kafin a kwance altaneta a duba fambel, domin in ya saki ko ya yi santsi zai riƙa zamewa, musamman in an kunna kaya da yawa. Sannan a duba wayoyi. Na taɓa karɓar wata mota da aka canza wa altaneta sau biyu, caji bai gyaru ba. Da na auna a bayan altanetar sai na ga 14.3, a kan batir kuwa 13.1. Sama da bolt guda yana ɓacewa a hanya. Wayar ƙasa, wadda ta haɗa injin da jikin mota, ita ce ta yi tsatsa a wurin ɗaurinta, da na kwance notin sai ga jan gari yana zuba a tafin hannuna. Sanfefa da sabon noti suka gama aikin. Ƙa'idar ita ce, abin da ke ɓacewa tsakanin altaneta da batir kada ya wuce rabin bolt a ɓangaren ƙari, a ɓangaren ƙasa kuma kada ya wuce 0.2 ko 0.3.

Akwai wani gwaji da ya yaɗu wanda nake roƙonka kada ka bari a yi wa motarka, wato cire taminar batir injin yana aiki don a ga ko zai mutu. Batir shi ne yake shanye hauhawar wutar altaneta, in aka cire shi tana juyawa wutar tana iya tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar mota ko altanetar kanta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, alhali mita za ta ba da amsar cikin minti ɗaya.

Yadda ake hawan motar ma yana da tasiri. Tayar da injin kansa ba ya cin caji mai yawa kamar yadda ake zato, domin ko sitata ta ja amfiya 150, na daƙiƙa uku ne kawai. Amma batirin da ya mutu aka tayar da shi da jonin waya, tafiyar rabin awa ba ta cika shi, awoyi yake buƙata. Wanda tafiyarsa gajera ce, cikin cunkoson motoci, injin yana silo, fitilu da fanka a kunne, batirinsa yakan zauna a rabi kullum, gishirin nan kuma yana ta daskarewa.

Ɓarawon dare

A nan ne zargina ya fi ƙarfi. Kowace mota tana shan ɗan abu kaɗan ko a kashe take, saboda agogo da ƙwaƙwalwa da na'urar da ke sauraron rimot ɗin makulli. Abin da aka yarda da shi a yawancin motoci bai wuce miliamfiya 50 ba, wato amfiya 0.05, kuma da yawa suna tsayawa a 20 ko 30. Mu yi lissafi da batirinka mai 60. In motar tana shan 0.03, a kwana guda ta sha 0.72, ƙasa da amfiya-awa ɗaya ke nan, don haka za ta yi mako biyu ko uku a ajiye ta tashi. Amma ƙaramin ƙwan fitila mai wat 10 da ya ƙi mutuwa yana jan kusan 0.8, wanda a kwana guda ya kai wajen 20, a kwana biyu kuma 40. Kashi biyu cikin uku na batirinka ya tafi ke nan, in ma a cike ka ajiye shi. Ka ga yadda lissafin ya yi daidai da labarinka: dare ɗaya yana jurewa, tafiyar yini ta ɗan mayar masa, amma dare biyu a jere ya fi ƙarfinsa.

Yadda ake kama ɓarawon shi ne a sa mita a tsakanin batir da wayarsa, duk wutar da ke fita ta bi ta cikinta. A kashe komai, a zare makulli, in mai rimot ne a kai shi nesa da motar. Ƙofofin da za a bari a buɗe domin a kai ga akwatin fis, sai a danna maƙallinsu da sukuddireba yadda motar za ta ɗauka a rufe suke. A mayar da jar wayar mita ramin amfiya 10, a cire taminar ragi, a sa wayar mita ɗaya a kan batirin, ɗayar a taminar da aka cire. Muddin mitar tana jone haka kada a kuskura a murɗa makulli, domin fis ɗinta zai ƙone nan take. Sai kuma abin da ya fi wa mutane wuya, wato jira. Na'urorin motocin zamani ba sa yin barci da zarar an kashe injin, wasu sukan ɗauki minti 20, wasu har kusan awa guda. Wanda ya karanta lambar a minti na biyu zai ga wuta mai yawa ya ɗauka ya kama ɓarawo, alhali motar ce ba ta kwanta ba tukuna.

In bayan jiran lambar ta tsaya sama da ƙa'ida, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne ke da matsala, murfin akwatin fis ko littafin motar kuma zai nuna abubuwan da ke kan wannan layi. A motocin da na'urorinsu suka yi yawa na fi son in bar fis ɗin a wurinsu, in auna 'yar wutar da ke faɗuwa tsakanin ƙananan ƙarafa biyu da ke bayan kowane fis da ma'aunin milibolt, domin zarewa da mayarwa yakan farkar da na'urorin a koma jira daga farko. Fis ɗin da babu wutar da ke bi ta cikinsa sifiri zai nuna.

Waɗanda na fi kamawa su ne abubuwan da aka ƙara wa mota daga baya: rediyo ko amfilifaya da aka jona kai tsaye da batir, na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, kyamarar gaban gilashi, da cajar waya da aka bari a ramin da wutarsa ba ta yankewa. Don haka ka tuna da kyau, me aka saka wa motarka ko aka gyara a wayoyinta kafin tsohon batirin ya fara ba ka wahala? Bayan su sai fitilun da ba a gani, na cikin but da na aljihun dashbod. Akwai wata mota da mita ta nuna tana shan kusan rabin amfiya a layin fitilun ciki, alhali duk fitilun da ido ke gani a kashe suke. Sai na kunna bidiyon wayata na ajiye ta a cikin but na rufe, bayan daƙiƙa goma na buɗe. A bidiyon murfi ya rufe amma haske bai ɗauke ba, ashe ɗan makunnin da murfin ke dannawa ne ya karye. Mai motar batir biyu ya saya a kan wannan ɗan ƙwai. Rile, wato ɗan makunnin da wutar lantarki ke kunnawa da kashewa, in ya maƙale shi ma yakan yi haka, kuma sau da yawa in ka taɓa shi bayan motar ta huce za ka ji shi da ɗumi.

In an zare duk fis lambar ba ta motsa ba, a koma kan altaneta, amma ta wata fuska. A cikinta akwai dayod, waɗanda aikinsu shi ne su bar wuta ta fita zuwa batir su hana ta dawowa. In ɗaya ya lalace, altanetar tana iya ci gaba da ba da caji da rana, amma da dare wutar batir ta riƙa komawa ta cikinta. Babbar wayarta ba ta bi ta ƙananan fis, shi ya sa ba a ganinta a wancan bincike. A cire batir tukuna, a kwance wannan babbar waya daga bayan altanetar a naɗe bakinta, sannan a sake aunawa. In lambar ta faɗi, to mutumin da ya ce maka altaneta ce ya yi gaskiya, ko da yake ba ta hanyar da yake nufi ba.

Ko batirin zai gyaru?

Ya danganta da abin da ya same shi. In datti ne ko sakin tamina, a wanke da ruwan da aka jiƙa bekin soda a ciki, a kula kada ya shiga ɗakunan, a kankare da buroshin ƙarfe, a ɗaure tamau, a shafa ɗan giris a sama. In ruwa ne ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir kawai har ya rufe farantan. Kada a zuba ruwan famfo, domin ma'adinan cikinsa suna lalata faranti, kuma kada a ƙara asid, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Al'adar zubar da ruwan batir a ɗura sabon asid ba na goyon bayanta. Takan sa batir ya yi kamar ya farfaɗo na ɗan lokaci, amma gishirin da ya daskare yana nan daram, asid ɗin da ya yi yawa kuma sai ya ƙara cin farantan.

In saukewa ce kawai ta yi masa yawa, maganinsa caji a hankali, da kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Naka mai 60, amfiya 6 ke nan, na tsawon awa 10 zuwa 12 ko fiye, ba cajin gaggawa na awa ɗaya ba. Cajojin zamani masu sarrafa kansu sun fi dacewa, wasunsu ma suna da tsarin narkar da gishirin da bai riga ya yi tauri ba. Ina amfani da su, kuma sukan ceto batirin da bai daɗe da sauka ba, amma ban taɓa ganin sun mayar da tsoho sabo ba. A batir mai murafai, bayan caji ana iya auna nauyin ruwan kowane ɗaki da haidiromita. Cikakke yana nuna wajen 1.265 zuwa 1.280, kuma in ɗaki ɗaya ya bambanta da sauran da 0.050 ko fiye, wannan ɗakin ya tafi. Mataccen ɗaki, kumburi da tsagewa ba su da magani sai sauyi.

Naka mai wata takwas, in bai mutu sau da yawa ba, akwai kyakkyawan fatan zai ci gaba da aiki bayan an cika shi an kuma toshe inda wutar ke zurarewa, ko da ƙarfinsa bai koma kamar da ba. In kuma ya faɗi gwajin cire taminar nan, ka nemo takardar garanti, domin batirin da ya mutu shi kaɗai cikin wannan ɗan lokaci ko dai da lahani ya fito daga masana'anta, ko ya daɗe a ajiye ba caji kafin a sayar maka. In sauyi ya zama dole, ka duba ranar ƙira a jikinsa ka ɗauki wanda bai wuce wata shida ba, girmansa da lambar CCA ɗinsa kuma kada su gaza abin da littafin motar ya ce. Motocin da ke kashe injin da kansu in an tsaya suna buƙatar batir na musamman mai jure yawan tayarwa, nau'in AGM ko EFB, wasu kuma sai an sanar da ƙwaƙwalwarsu da na'ura cewa an saka sabo.

Batir yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ke kamawa da ɗan tartsatsi, don haka a yi aikin a wuri mai iska, ba sigari, ba wuta. A kare ido, a cire zobe da agogon ƙarfe. Wajen cirewa taminar ragi ake fara kwancewa, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe, domin in sifana ta taɓa jikin mota kana kan ta ƙari alhali ta ragi na jone, tartsatsin da zai tashi yana iya narkar da ƙarfe. In asid ya taɓa fata ko ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, na ido kuma a je asibiti.

Duk wannan a kan abin da ka rubuto na gina shi, motar kuwa ban ɗora mata mita ba, don haka zargina kan ɓarawon dare zargi ne har sai awo ya tabbatar. Akwai kuma irin wanda ba kullum yake fitowa ba, kamar na'urar da ke farkawa tsakar dare ta yi awa biyu ta koma barci, wannan sai an bar mita mai ajiye bayani a jone har safe, kuma aikin ƙwararren mai wayoyin mota ne. Bayanina bai shafi babban batirin motoci masu haɗa fetur da lantarki ba, wanda wayoyinsa masu ruwan lemo ne kuma wutarsa tana kisa. Ka fara da cika batirin da caja a hankali, ka yi gwajin cire tamina na kwana biyu, sannan ka auna caji injin yana aiki. Kafin a gano inda wutar ke bi, duk ranar da za ka ajiye motar fiye da dare ɗaya ka cire taminar ragi, domin batirin ya daina mutuwa yana rasa abin da ya rage masa. In ka samu lambobin nan uku, ta batir a huce, ta lokacin da injin ke aiki, da ta abin da motar ke sha a kashe, ka aiko mini da su tare da jerin abubuwan da aka taɓa ƙara mata.